Katangar Dutse ko Ja da Baya a Gaɓar Yawuri

A Legas teku ke tasowa tana cin gaɓa, a Yawuri kuwa Kogin Kwara ne.

Katangar duwatsu cikin ragar waya tana tsare gidajen da aka riga aka gina. Daga ƙasa take lalacewa: in ba a zurfafa tushe ba, ba a zuba tsakuwa a bayanta ba, ruwa zai rarake ƙasar ta rufta. Takan kuma tura zaizayar wajen maƙwabci.

Ja da baya ya fi arha: a gano iyakar ambaliya mafi girma, a kafa turaku, a hana izinin gini a ciki, a bar wa shinkafa. Ga sabon gini shi muka fi so, muddin aka ba masunta fili kusa da jiragensu.