Waya, madubin hangen nesa ko kyamara: wanne za ka saya don tsuntsayen tsakar gida?

Tun da na ajiye tsohon kasko da ruwa a gindin darbejiyar gidanmu da ke Samarun Zariya, ban ƙara rasa baƙi da safe ba. Kurciya ce ke fara sauka, sai asisi mai shuɗin ƙirji, namijin da ɗigon ja a kumatu kamar an shafa masa jan baki. Hasbiya ba ta saukowa sai ta gama leƙe daga kan kwano. Mutane na yawan tambayata me za su saya su ɗauki hoton waɗannan, to ga abin da na gani.

Waya dai kowa na da ita, amma tsuntsu ba ya jira ka matso. Idan ka ja hoton da yatsu, ba kusantowa ya yi ba, yanko shi wayar ta yi ta buɗa, shi ya sa asisi ke fitowa kamar ɗigon shuni. Dabarar ita ce ka jingine ta taku biyu daga kaskon, ka kunna bidiyo, ka koma ɗaki. Daga baya ka tsamo hoton da ya yi maka.

Idan kallo kake so, madubin hangen nesa ya fi komai. Nemi mai lamba 8x42: 8 ɗin na nufin yana ninka girman abu sau takwas, 42 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai 10x50 ya fi jawowa, sai dai nauyi da rawar hannu, kuma a tsakar gida ba ka bukatarsa. Ni na taɓa ruɗuwa na sayi wani mai araha da aka rubuta wa manyan lambobi a jiki. Cilakowa ɗaya nake kallo a kan tsamiya, biyu nake gani, kafin la'asar kaina na sarawa.

Kyamara kuwa iri biyu ce. Akwai wadda ake cire wa gilashi a sa wani, irin su Nikon D3300 da gilashin jawo nesa mai lamba 70-300. Hotonta ya fi kyau, musamman da asuba kafin haske ya wadata, kuma ana samun na hannu. Matsalarta Zariya ce kanta: daga Nuwamba zuwa Fabrairu, duk sanda ka buɗe ta ƙurar hunturu ta samu ƙofa, sai ka riƙa ganin tabo wuri ɗaya a kowane hoto. Ɗaya irin gilashinta a manne yake, ba a cirewa. Nikon P900, wadda ta fito a 2015, tana jawowa sau 83, Canon SX70 kuma sau 65. Da irin wannan za ka ɗauki shamuwa a ƙolin rimi idan ta iso da farkon damina, har ka ga jan da ke gefen idonta. Da magariba ce take kasawa, hoto ya yi dishi-dishi. Duk da haka, ga mai fara koyo a garin nan, ita zan ce ya saya. Nikon P1000 mai jawowa sau 125 kam ta yi yawa, nauyinta ya kusa kilo ɗaya da rabi.

Wani hanzari: a cikin gari, kada ka kuskura ka saita doguwar kyamara saitin katangar maƙwabci. Babu wanda zai yarda tsirya kake bi.

Idan na hannu za ka saya, ko a Sabon Gari ko ta intanet, haska tocilan cikin gilashin. In ka ga wani abu kamar yanar gizo-gizo, funfuna ce ta laima, ajiye ta. Ka ja zum ɗin, wato abin jawo nesa, har ƙarshe ka saurari ko yana ƙugi, sannan ka nemi a haɗa maka da batiri na biyu, saboda ka san halin wuta.