BearVault BV500: Mazubin Abincin Da Ke Gagarar Baƙin Beyar

A gandun dajin Yosemite na Amurka, doka ce mai kwana a jeji ya adana abincinsa cikin mazubin da beyar ba zai iya buɗewa ba. Dalili kuwa, beyar da ya ɗanɗana abincin mutane yakan daina shakkar mutum, ƙarshenta sai a harbe shi.

BV500, ɗaya daga irin waɗannan mazubai, na ɗaukar lita 11.5, abincin kusan mako guda, nauyinsa ya ɗan haura kilo ɗaya. Robarsa garau take, ana hango abin da ke ciki. Komai mai ƙamshi a zuba shi ciki: man goge haƙora, sabulu, har shara. A murɗa murfin sai haƙoransa biyu sun wuce maƙalli, a ajiye shi a ƙasa nesa da tanti. Kada a ɗaura masa igiya, don beyar zai samu abin ja. A kuma kauce wa bakin rafi da gangare, domin mirgina shi yake yi.

Aibinsa murfin nan ne. Da sanyin asuba robar kan ƙage, danna haƙoran don buɗewa sai da gefen kati irin na banki. A tsaunukan Adirondack na jihar New York kuma an samu wata beyar da ta koyi buɗe shi, don haka can a nemi wani samfurin.