Ginin jumla: da shi ake haihuwar yaro, ko a bakin mutane yake tsintarsa?

Hajiya, kin ce ɗanki mai shekara huɗu a Agege yana Hausa a gida, Yarbanci da yaran layi, ga Turancin buroka, kuma kina tambaya wa ya koya masa jera kalmomi, sannan ko cakuɗawar za ta rikita shi. A kan tambayar farko masana sun rabu biyu.

Ga abin da ake gardama a kai. Muna cewa "Yara sun sayi doya", amma "Me yara suka saya?" Da karɓau, wato abin da aka saya, ya bar gurbinsa, "sun" ya koma "suka", "sayi" ya koma "saya". Da wakilin suna kuma sai a ce "sun saye ta". Babu uwar da ta taɓa zaunar da ɗanta ta karanta masa wannan. Ɗauki kuma "Audu ya sayi doya da manja", ki nemi tambaya a kan manjan kaɗai: "Me Audu ya sayi doya da?" Kunne ba ya karɓa, dole a ɗauko su tare: "Doya da me Audu ya saya?" Masanin harshe John Ross ya bayyana wannan shinge a 1967, kuma ana samunsa a harsuna da dama.

Ɓangaren masanin harshe Noam Chomsky, wanda ya fitar da littafinsa kan ginin jumla a 1957, kuma a 1959 ya soki bayanin masanin halayya B. F. Skinner cewa horo da sakamako ne ke koya wa yaro magana, suna cewa ba wanda ya gaya wa yaro jumlar da ta haramta, amma yana kauce mata, don haka akwai tsarin da ya zo da shi. A wurinsu jumla rukuni ce cikin rukuni. A "Yarinyar da ta ga yaran ta tafi", "ta" ɗin ƙarshe ya tsallake "yaran" da ke gefensa ya bi "yarinyar" da ke nesa. Suna kuma kafa hujja da kurame yara a Nikaragwa, waɗanda aka tara a makaranta daga ƙarshen shekarun 1970, suka gina harshen hannu mai nahawunsa. Raunin wannan ɓangare shi ne abin da suke cewa an haifi yaro da shi yana ta raguwa. A 2002 Chomsky da abokansa biyu sun taƙaita shi zuwa iya saka jumla cikin jumla.

Ɓangare na biyu, na masanin tunanin yara Michael Tomasello, suna cewa yaro da guntaye yake farawa: "ba ni ruwa", "ba ni nono", har ya gane akwai gurbi bayan "ba ni". Kayan aikin yaron biyu ne, fahimtar nufin mai magana da gano abin da ke maimaituwa. A 1996 Jenny Saffran da abokanta sun nuna jarirai 'yan wata takwas na gane iyakar ƙirƙirarrun kalmomi bayan sauraren minti biyu kacal. An kuma ga yaran da ba su kai shekara uku ba, in aka koya musu sabon aikatau, wato kalmar aiki, sun fi tsayawa a tsarin da suka ji shi. Wannan ya bayyana farkon koyo da kyau, amma a kan doya da manja amsarsu ba ta kai ta ɓangaren farko kaifi ba.

A ganina, na biyu sun fi bayyana abin da kunnenki zai ji a tsakar gida wata bayan wata, na farko kuma sun fi bayyana kurakuran da yara ba sa yi sam. Shi ya sa masu nazarin tunanin ɗan Adam suka riƙe batun, domin hanya ce ta auna abin da ƙwaƙwalwa ke zuwa da shi.

Batun cakuɗawa kuwa, duka ɓangarorin ba sa ɗaukarsa ciwo. Shana Poplack ta nuna a 1980 cewa masu harshe biyu sun fi sauyawa a inda tsarin harsunan ya dace. Hausa da Yarbanci duka aikau (mai yin aikin), aikatau, karɓau suke jerawa, don haka wuraren haɗuwa na da yawa. In kika ji "Na sayi eja" maimakon kifi, lura cewa "sayi" na nan daidai. Kalma ya ara, ginin na Hausa ne. Inda ya kamata ki sa kunne shi ne "ya" da "ta", tunda Yarbanci "o" ɗaya gare shi ga namiji da mace. In ya ce "Inna ya zo", ki amsa da "E, Inna ta zo", ba sai an yi masa tsawa ba.

Abin da zai sa a nemi likita daban ne: yaron da ya cika shekara biyu bai haɗa kalma biyu a kowane harshe ba. In za a ƙirga kalmominsa, a haɗa na harsunan uku, kuma a fara da gwajin ji.