Kantar bango mai ƙananan durowoyi: wacce za ka saya?

Mai neman kantar katako da zai kafa a bango, irin mai ƙananan durowoyi ta ajiye makullai, zare da allura, caja ko kwalaben turare, yakan fara da tambayar kuɗinta. Ni kuwa bangon da za a kafa ta nake fara tambaya, don shi ne zai ɗauki nauyin.

Idan ginin bulo ne na siminti, mai inci 6 ko inci 9, to ka tuna cikinsa rami ne, naman bulon kaɗan ne. Ƙusar kankare da ake bugawa da guduma takan fasa filasta, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta fara girgiɗi. Abin da ke riƙewa shi ne a huda da inji, a cusa robar nan da masu aiki ke kira fisha, mai milimita 8, a ɗaure da sukuru mai tsawon inci biyu da rabi zuwa uku. Kada a huda saitin soket ko makunnin wuta, sama ko ƙasa, galibi ta nan bututun waya ke bi. In kuwa ginin ƙasa ne, gaskiya ka haƙura da ratayewa, ka sa a yi maka mai ƙafafu ta tsaya a ƙasa.

Sai abin da aka yi ta da shi. Waɗanda ake shigowa da su a kwali, ka haɗa da kanka, yawancinsu MDF ne, wato garin katako da aka matse da gam aka lulluɓe shi da leda mai sheƙi. Suna da kyan gani, durowoyinsu na zamewa sumul, kuma sun fi sauƙin kuɗi. Amma ba sa shiri da ruwa ko kaɗan. Gefensu ya sha danshi sau ɗaya, sai ya kumbura kamar burodi, ba ya komawa. Sukuru ma in aka kwance shi aka mayar sau biyu, ramin ya zama gari. A ɗakin kwana za ta yi, ban da kicin ko kusa da banɗaki.

Na biyu filawud, wanda ake sayarwa falle-falle, ƙafa 4 a ƙafa 8. A ganina shi ya fi dacewa da wannan aiki. Ba ya lanƙwashewa da sauƙi, yana riƙe sukuru, bai kai MDF nauyi ba. Ka ce wa kafinta ya yi jikin da mai kaurin milimita 18, durowoyin da mai 12, gindinsu da mai 6. Ka kuma duba gefen fallen da idonka kafin a yanka: in ka ga ramuka tsakanin yadudduka, ka nemi wani.

Na uku katako zalla, kuma a nan mutane ke shan cuta. Maɗaci da loko suna da ƙarko, gara ba ta cika damun loko ba, in aka goge su aka shafa fanish kuwa sai ka ƙi ɗauke ido. Farin katako mai laushi ya fi araha, amma ƙwari na son sa. Sai dai duk wannan ba shi ne babban abin dubawa ba, bushewa ce. Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ya san yawancin kayan daga kudu ake kawo su, wasu da sauran ruwa a jikinsu. Na taɓa ba wani kafinta aikin irin wannan kanta a watan Agusta. Ya kawo ta durowoyi shida na shiga daram. Da hunturu ya kama, fuskar biyu ta tsage, ɗaya ta karkace har sai an ɗaga ta kafin ta rufu. Ɗanyen katako ya yi aiki da shi. Ɗaga falankin ka ji: ɗanye ya fi nauyi, da sanyi a tafin hannu. In za a yi aikin da rani, a bar ɗan sarari a gefen kowace durowa, saboda da damina katako kan kumbura.

Ƙananan durowoyi ba sa bukatar layin ƙarfen da durowa ke zamewa a kai, ƙarin kuɗi ne kawai. Katako a kan katako ya isa, in ta fara cijewa a goga mata kyandir. Abin lura shi ne haɗin kusurwa: gam da tsaga, ba ƙusa kaɗai ba. Ja durowar ka girgiza ta a gaban mai ita.

Kada faɗinta daga bango ya wuce inci 8 zuwa 10, don duk yadda ta ƙara fitowa haka take ƙara fizgar sukurun sama. Wajen ratayewa kuma, maimakon 'yan kunnuwan ƙarfe biyu, ka nemi a tsaga katako ɗaya a karkace, digiri 45, a ɗaure rabi a bango da sukuru uku ko huɗu, rabi a bayan kantar, sai ta hau ta zauna. Nauyin ya bazu ke nan, kuma ranar tashi daga gidan haya ɗaga ta kawai za ka yi. Kafin a huda rami na biyu, a ɗora ma'aunin ruwa na magina, mai nuna ko abu ya karkace, a kan katakon, domin layin filasta da na silin ba abin dogaro ba ne.