Na'urar auna gas da na saya saboda warin majema

Salamu alaikum jama'a. Wata biyar kenan da na sayi ƴar na'urar nan mai auna gas, ruwan ɗorawa ce, girmanta bai fi tsohuwar wayar Nokia ba, tunda ƴan uwa sun ishe ni da tambaya bari in faɗi abin da na gani da idona.

Mu dai jima muka gada nan Marwa ta ƙasar Kamaru, kuma duk wanda ya taɓa bi ta majema ya san hanci ke fara isa kafin ƙafa. Fata a jiƙe cikin toka da farar ƙasa, ga kashin kaji, ga ruwan bagaruwa da ya kwana uku a rami. Da a bayan gari muke, yanzu gari ya cim mana, sabbin maƙwabta suka kai mu ƙara gun lawan, wato mai unguwa, wai ɗoyi ya hana su cin abinci. Ni kuma da taurin kai na ce to a auna mana, lamba ai ba ta ƙarya. Ƙanena da ke jan babbar mota zuwa Duwala shi ya kawo min ita, jaka 70 na sefa, ƴar China ce, takardar ciki ma babu Faransanci sai da wani ɗalibi ya karanta min.

Abu huɗu take nunawa a fuskarta: H2S wato iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, sai CO na hayaƙin gawayi da janareto, sai oksijin wanda a fili yake tsayawa 20.9 cikin ɗari, sai gas mai kama wuta. In abu ya wuce ƙa'ida sai ta hau ihu tana girgiza da jan fitila.

Ranar farko na tafi da ita ƙofar gidan Alhajin da ya fi kowa ƙorafi, da magariba lokacin da iska ke juyowa ta wajensu. Wallahi ni kaina da na saba ina jin wari, amma ita sifili ta nuna, ko motsi. Na ce Alhaji ka gani ko? Ya ce ɗana, na'urarka mura take yi. Dariya kowa ya yi, kuma gaskiyarsa ce. Hancin ɗan Adam yana jin H2S tun bai kai ko ppm 1 ba, wato kashi ɗaya cikin miliyan na iska, ƙasa da haka nesa, ita kuwa sai ya kai 10 take fara ƙara. Sannan warin majema ba iska ɗaya ba ce, akwai amoniya, akwai ƙarnin ruɓaɓɓen nama da kitse, duk waɗannan ba ta san da su ba. Shi ya sa a Turai ma in za a auna warin masana'anta ko bola, ɗibar iskar ake yi a jaka a kai ɗakin gwaji, a dinga sirka ta da iska mai tsabta, mutanen da aka tantance hancinsu suna shaƙa har sai sun daina ji, ƙa'idar tasu EN 13725 suke kiranta. Kenan in don shari'ar wari da maƙwabci za ka saya, riƙe kuɗinka.

Inda ta biya kuɗinta shi ne ramin da dattin ruwanmu ke taruwa. Duk bayan ƴan watanni yara na shiga su kwashe laka da bokiti. Rannan kafin yaro ya sauka na ɗaura mata igiya na zura, a baki H2S 2 ta nuna, da ta kusa ƙasa aka motsa lakar da gora sai ga 40 da wani abu, tana ta ihu. Jikina ya yi sanyi. Iskar nan ta fi iskar da muke shaƙa nauyi don haka ƙasan rami take kwanciya, kuma muguntar ta in ta kai wajen 100 sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, mutum ya ɗauka wuri ya yi kyau, in ta haura 700 numfashi ɗaya biyu ya faɗi. Da mu kan ce aljanin rami ne ya shaƙe wane. Yanzu sai mun buɗe ramin tun safe, mun motsa daga sama, mun sake aunawa, kuma wanda ya shiga da igiya a ƙugu.

Aibinta kuwa akwai. Batiri suka ce yana wuni, ni awa shida zuwa bakwai nake samu, a zafin Afirilu ma bai kai haka ba. Ƙurar hunturu ta toshe ƴan ramukan da take shaƙa da su sai da na bi da buroshin haƙori a hankali. Maƙalinta na baya ya karye sati na biyu, da kyauron roba nake ɗaure ta yanzu.

Babbar matsalar ita ce saiti. Takarda ta ce duk wata 6 a gwada ta da ƴar tukunyar gas ta musamman, kuma hancin da ke cikinta shekara biyu ne ya gaji. Na zaga kasuwa ban samu mai yi ba, mai shagon Duwala kuma ya daina ɗaukar waya. Wata mai zuwa wa'adin zai cika, don Allah in akwai wanda ya san mai saita irin wannan a Garwa ko Ngaundere ya taimaka min da kwatance, ƙanena zai bi ta can bayan sati biyu.