Fata ko Sarƙa: Maɗaurin Agogon da Ya Dace da Damagaram

Agogon hannu guda ɗaya nake ɗaurawa, amma na gwada masa maɗauri iri biyu, na fata da na ƙarfe wanda muke kira sarƙa, kuma kowannensu ya ga bazara, damina da hunturu a hannuna. Ra'ayina shi ne, ga mutumin da yake zaune a Zinder, yake fita nema kullum, sarƙa ce ta fi cancanta da hidimar yau da gobe, duk da cewa fata ta fi ta kyan gani nesa ba kusa ba.

Abubuwa biyu ne suke kashe maɗaurin fata a garin nan, wato gumi da alwala. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, fatar kuma tana shan zufa daga ciki, gishirin zufar yana zama a cikinta bayan ruwan ya bushe. Daga nan sai ta fara wari, ta yi tauri, sannan ta tsage a daidai hujin da harshen maƙulli yake shiga. Ga kuma alwala sau biyar a yini, wadda dole ruwa ya kai har gwiwar hannu. Ko dai mutum ya riƙa kwance agogon kowane lokaci, abin da yake lanƙwasa fatar a wuri ɗaya har ta gaji, ko kuma ya tura shi gaba ya bar ta ta jiƙe. Ita sarƙa, da zarar an buɗe maƙullinta sai ta saki ta zame, a wanke hannu sarai, a mayar da ita, babu abin da ruwa zai yi mata.

Sai dai ba kowace fata ba ce fata. Maɗaurin farko da na saya a teburin wani mai kayan agogo yana da sheƙi da zane irin na kada, amma da ya soma ɓarewa sai ga roba a sama, a ƙasa kuma wani abu kamar kwali. Bai ƙetare bazara ɗaya ba. Na biyun kuwa wani baduku ne ya yanka mini shi daga fatar akuya da aka jeme da bagaruwa, ya ninka ta biyu, ya ɗinke da hannu. Abin mamaki ne a ce a ƙasar da take da jar akuyar Maraɗi, wadda fatarta ta yi suna a kasuwannin duniya, a kuma garin da dukanci ya daɗe da kafuwa, muna sayen robar da aka yi wa fenti da sunan fata. Wannan na badukun ba shi da nauyi, ya bi siffar hannuna cikin ɗan lokaci, launinsa kuma yana ƙara nuna yayin da yake tsufa. A hunturu ne nake jin daɗinsa, domin babu gumi, illa dai iskar tana busar da shi, sai na riƙa shafa masa man kaɗe kaɗan, wanda yake tausasa shi amma yake ƙara masa duhu.

Sarƙar ma tana da nata laifin. Ƙurar garin nan tana shiga tsakanin gaɓoɓinta, ta haɗu da zufa ta zama baƙar dauɗa, wadda take ɓata bakin hannun farar riga. Maganinta tsohon buroshin haƙori ne da ruwan sabulu, bayan an cire ta daga jikin agogon idan ba mai jure ruwa ba ne. Tana kuma ɗaukar zafi idan mutum ya daɗe a kan babur da rana tsaka. Wajen saye, a duba gefen gaɓoɓin: waɗanda aka naɗe daga fallen ƙarfe suna kwarangwaniya, suna cizgar gashin hannu, waɗanda kuwa aka yanka daga curin ƙarfe sun fi nauyi da tsada, amma ba su saurin sakwarkwacewa.

Akwai batun ƙaiƙayi, wanda mutane da yawa suke ɗora wa zafi alhali sau da yawa nikel, wani ƙarfe da ake haɗawa a cikin sarƙar, shi ne yake haddasa shi. Tun 1994 Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan nikel ɗin da kayan da suke manne da jiki za su iya fitarwa. Ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316L, wanda ake yawan yin agogo masu kyau da shi, yana ɗauke da nikel, amma yana riƙe shi gam. Matsalar ta fi yawa a sarƙoƙi masu araha da aka yi wa ruwan zinariya ko na azurfa, domin da gumi ya cinye rufin sai ƙarfen da yake ƙarƙashinsa ya taɓa jiki, ya bar koren tabo da ƙuraje.

Sauya maɗauri ba aiki ba ne mai wuya, tunda ƴar sandar ƙarfe mai sifirin ce kawai take riƙe shi. Abin lura shi ne faɗin da yake tsakanin kunnuwan agogon, wato inda maɗaurin yake shiga, wanda a agogon maza yawanci milimita 18 ne, ko 20, ko 22. Ni nakan ɗaura sarƙar tun daga farkon bazara har ƙarshen damina, in mayar da fatar idan sanyi ya shigo. Wanda zai rage tsawon sarƙarsa ya gaya wa mai gyara ya bar sararin da ƙaramin yatsa zai shiga, saboda hannu yana ɗan kumbura da zafi, ya kuma karɓi gaɓoɓin da aka cire ya adana.