Na saye ta domin daji, amma makaranta take zuwa kullum

Wata 22 ke nan motar nan tana hannuna. Da a watan farko aka ce in rubuta sharhi a kanta, da yabo zalla za ku karanta, domin a lokacin ko wanke ta ba na bari wani ya yi. Yanzu kuwa ido ya buɗe, ina da abin faɗa.

Buƙatata ba ta da wuyar fahimta. Mu biyar ne a gida, ni da uwargida da yara uku, kuma mota ɗaya aljihuna zai iya ɗauka. Ina son wadda za ta kai yara makaranta da safe, ta je kasuwa, ta je asibiti, sannan sau uku ko huɗu a shekara mu loda tanti mu shiga daji mu kwana biyu inda babu kwalta. Na duba irin su RAV4 da Forester, masu laushin tafiya da sauƙin shan mai, amma ba su da ƙaramar giyar nan ta hawan dutse da ratsa yashi. Jimny tana da ita, sai dai kujera huɗu ce, mu kuma biyar ne. Hilux mai ƙofa huɗu ta burge ni, uwargida ta ce ita ba za ta riƙa zuba cefane a buɗaɗɗen baya ba. Babbar Land Cruiser kuwa kallo kawai na yi na wuce, kowa ya san dalili. Daga ƙarshe na faɗa wa wata ta hannu mai kujera bakwai, injin dizal, wadda aka ɗora gangar jikinta a kan casis irin na a-kori-kura. Masu harkar mota sun san irinta.

Abin da ya sa har yau ban sayar da ita ba ya faru ne a tafiyarmu ta biyu, a tsakiyar wani busasshen kogi.

Motoci uku ne muka fita tare, ni ne a baya. Hanyar ta gangara cikin kogin, yashi ne fari tas, faɗinsa zai kai taku ɗari biyu. Na ga na gabana sun tsaya a bakin gangaren suna tsugunne a gindin tayoyinsu, na ɗauka duba faci suke yi. Da suka haye, ni ko tsayawa ban yi ba. Na murɗa maɓallin fowil zuwa 4H, wato tayoyi huɗun duka su riƙa ja, na ce wa yara su riƙe da kyau, na kutsa. Rabin farko lafiya lau, har ina jin kaina. Muna kaiwa tsakiya ƙaramin yaron ya ƙwalla ihu wai hularsa ta faɗa ta taga, ni kuma ba tunani na taka birki. Motar ta tsaya cak, ta ɗan dulmuya. Na taka totur, ta yi gurnani ba ta motsa ba. Na ƙara takawa. Yashi ya tashi ta gefe kamar ana sheƙe hatsi, ina ji a kujerata bayan motar yana sauka ƙasa. Kafin in ankara cikinta ya zauna daram a kan yashi, tayoyin baya sun nutse har rabi, rana kuma ta fara yin ja.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Duk mai aure ya san irin wannan shirun.

Wani dattijo da ke cikin tawagarmu, mai tsohuwar Jimny da na raina a zuciyata tun da safe, shi ya tako da ƙafa daga ɗaya gaɓar, riƙe da shebur da ɗan ma'aunin iska. Yana isowa ya ce, "Ɗana, ɗage ƙafarka daga totur ɗin nan, rami kake haƙa mata." Na fito ina share gumi, na ce, "Baba, sai dai a ja ta." Har na ɗauko igiya zan maƙala a ƙwallon nan na jan tirela da ke bayan motar. Ya riƙe hannuna. Ya ce ba a taɓa fizgar mota ta wannan ƙwallon, domin idan ya karye tashi yake yi kamar harsashi, kuma ya sha kashe mutane. Sannan ya yi dariya ya ce, ita ma tasa motar da ƙyar ta wuce tan ɗaya, tawa ta ninka ta fiye da biyu, wa zai ja wa?

Ya tsuguna ya ɗora ma'auni a tayar gaba. 36 ya nuna, wato iskar kwalta. Ya kalle ni, bai ce komai ba, ya fara sace iskar. Muka bi tayoyi huɗun nan muka sauke kowacce zuwa 16. Ni dai gabana faɗuwa yake yi, ganin tayoyin sun yi tumbi kamar sun yi faci. Yana yi yana min bayani: idan iska ta ragu, tayar takan kwanta, sawunta a ƙasa ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu a fili mai yawa, sai ta hau kan yashin maimakon ta yanka shi. Birkin da na taka kuma shi ya tara tudun yashi a gaban kowace taya, a yashi sakin totur kawai ake yi mota ta tsaya da kanta.

Muka yi kusan minti arba'in muna kwashe yashi daga ƙarƙashinta, babban yarona da murfin tukunya, ni da shebur, har hasken rana ya fito ta ɗaya gefen cikinta. Dattijon ya sa aka sauke jarkokin ruwa da firji, kowa ya fita. Ya ce in sa giya a furi, in murɗa zuwa 4L, wato ƙaramar giyar nan, in kashe na'urar nan mai hana taya zamewa domin a yashi rage wa injin ƙarfi take yi daidai lokacin da ake buƙatarsa. Sai ya nuna min wani maɓalli kusa da gwiwata wanda wata takwas ina tuƙa motar ban taɓa danna shi ba. Makullin aksul na baya ne. A tafiyar yau da kullum tayoyin baya biyu kowacce da gudunta, domin a kwana ta waje ta fi ta ciki yin nisa, to amma a yashi wannan dabarar ce ke tura ƙarfi ga tayar da ke juyawa a banza. Maɓallin yana ɗaure su biyun su juya tare.

"Ribas za ka yi, kan sawunka da ka shigo. Sitiyari a miƙe. Kada ka taka komai, ka sake ta kawai."

Wallahi ban taka totur ba. Na ɗage ƙafa daga birki, motar ta yi wani ɗan nishi, ta girgiza, ta taso daga ramin nan a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Yara suka ɓarke da tsalle. Na ja baya taku ashirin, na sa giyar gaba, na ratsa kogin nan har ɗaya gaɓar injin ko ɗaga murya bai yi ba. A daren nan ina kwance a tanti a samanta, na ce a raina ko nawa aka taya ba zan sayar ba. Ƙaramar giyar nan tana ninka ƙarfin da ke isa taya wajen sau biyu da rabi, kuma sai ranar na gane abin da na biya kuɗi na saya.

Washegari da safe dattijon ya rage min farin cikin. Ya buɗe ƙofar direba ya nuna min ƙaramin allon da ke manne a jikin ginshiƙi, inda aka rubuta iyakar nauyin da motar za ta kai da kayanta da mutanenta. Idan ka cire nauyin ita kanta motar, abin da ya rage shi ne rabonka. Nawa rabon kilo 600 da 'yan kai ne. Muka yi lissafi a kan yashi da tsinke. Mu biyar kilo 270, ban da yadda aka raba, don ina son zaman lafiya a gida. Ruwa lita 80, kilo 80 ke nan. Jarka biyu ta dizal, wajen 40. Tantin sama da ragar ƙarfen da ke riƙe shi, 90. Firji da abin cikinsa da batir na biyu, 65. Kafin mu zo kan jakunkuna da kujeru da tukunyar gas da akwatin sifana, mun riga mun ci 545. Ashe da lodi fiye da ƙima na shiga kogin, kuma kaso mai tsoka yana can sama, inda ya fi sa mota layi a kwana. Dillalin da ya sayar min ya yi ta zuba a kan ƙarfin injin da kujera bakwai, ko sau ɗaya bai ambaci wannan allon ba. Ni ma ban tambaya ba, laifin namu ne mu biyu.

Kujera bakwai ɗin ma magana ce. Idan ka ɗaga layi na uku, but ɗin da ya rage jakar makaranta uku ne ke cika shi. Idan ka kwantar da shi kuma, kana yawo da nauyin kujerun da ba mai zama. Sau biyu muka yi amfani da su cikin wata 22.

To a nan ne ra'ayina ya fara karkata, domin daji kwana goma ne ko sha biyu a shekara, sauran kwanakin duk na gari ne, kuma a gari motar nan azaba ce. Makarantar yara kilomita huɗu ce daga gida. Injin bai gama ɗumi ba an iso, a kashe, a dawo, a kashe. Motocin dizal na zamani suna da wata matata a cikin salansa da ake kira DPF, mai tare baƙin hayaƙi. Kunkunniyar da take tarawa sai ta ƙone a zafin da ya kai wajen digiri 600, kuma hakan ba ya samuwa sai an yi doguwar tafiya ba tsayawa. Mu kuwa tafiyarmu gajeruwa ce cikin cunkoso. Wata rana fitila ta kama a dashbod, na share, kwana biyar bayan nan motar ta ƙi wuce gudun keke, ina ɗauke da yara, ana ta min hon a baya. Sai da bakanike ya jona kwamfuta ya tilasta mata ƙona kunkunniyar, ya canja baƙin mai saboda dizal ya gauraya da shi. Abin da na biya ranar ba na son tunawa. Da na san haka, da mai fetur na nema, ko da kuwa ta fi shan mai.

Sai kuma ranar da uwargida ta kira ni a waya daga wurin fakin. "Baban yara, motarka ta ƙi juyawa, tayoyin sai ƙara suke yi kamar za su ɓalle." Ruwan sama aka yi da safe, ita kuma ta ji ina cewa fowil na ƙara riƙon hanya, ta murɗa zuwa 4H, kwalta ta bushe ba ta mayar ba. Irin wannan fowil ɗin ba shi da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, ɗaure su yake yi tamau. A yashi ko taɓo tayoyi na zamewa su huce, a busasshiyar kwalta kuwa ƙarfen ne ke murɗewa. Allah ya taimaka ba abin da ya karye, ribas kaɗan ta yi ya saki. Amma ina amfanin fowil ɗin da ba za ka iya barinsa a kunne ba ranar da hanya rabi jiƙe rabi bushe? Waɗancan motocin da na raina saboda rashin ƙaramar giya, su da kansu suke wannan lissafin, direba bai ma sani ba. Tun ranar ta daina tuƙa ta sai dole. Ta ce doguwa ce, ba ta ganin ƙaramin yaro idan ya tsaya a gaban bonet, kuma gaskiyarta, na gwada da na autanmu, sai da ya ja baya sosai kafin in hango kansa.

Tayoyin daji da na sa mata suna gunji a kwalta kamar jirgi zai tashi, sun kuma ƙara mata shan mai. Tantin saman ya hana mu shiga duk wani wurin fakin mai rufi, ga iska tana dukansa a babbar hanya. Safayar taya a ƙarƙashin ciki take rataye, wato ranar kogin nan da taya ta fashe, da sai mun tono ta daga yashi tukuna. Ɗan famfon iskar da na saya kuma, wanda ake jonawa a batir, rabin awa ya ɗauka kafin ya mayar da tayoyi huɗu daga 16 zuwa 36, yana zafi yana hutawa, ga shi ba dama ka hau kwalta da taya mai ƙarancin iska don gefenta zai yi zafi ya lalace. Na sayi babba daga baya.

Yanzu tantin yana jingine a ɗakin ajiya, sai za mu fita muke haɗuwa mu huɗu mu ɗora shi. Ruwa na rage zuwa lita 50, kujerun layi na uku na sa an kwance su. Uwargida ta fara turo min hotunan ƙananan motoci a waya ba tare da ta rubuta komai a ƙasa ba. Yara kuwa kullum tambayarsu yaushe za a koma kogin, babban har ya iya sace iskar taya da kansa.

Yau da safe fitilar DPF ɗin ta sake kamawa a ƙofar makaranta. Da na tashi daga aiki zan hau babbar hanya in yi minti talatin ina gudu, ba inda za ni, in juyo in dawo gida.